Seini Mai Godiyar Jiya

Ranar Asabar, sha ɗaya ga Maris, 2017, bayan la'asar, na fara ganin Seini. Ya zo gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi neman ɗakin bakin ƙofa, wanda wani tela ya tashi daga ciki. An yi ruwa da safe, tsakar gida duk laka, sai ya cire silifas ɗinsa ya riƙe a hannu kafin ya ƙaraso inda mahaifiyata take zaune. Dogo ne siriri, zai girme ni da shekara biyar ko shida, kuma warin albasa ya riga shi shigowa.

Gidan na mahaifiyata ne, Mma Azumi, amma ni nake kula da wanda ya shigo da wanda ya tashi. Na tambaye shi sunansa da garinsu da sana'arsa, na rubuta. Bazabarme ne daga wajen Dosso, shekararsa ashirin da shida a Kumasi, matarsa ta rasu. Aikinsa tsince albasa a kasuwa: a zazzage buhu a ƙasa, ya ware mai kyau daga ruɓaɓɓiya, a sake ɗurawa. Ban so a ba shi ɗakin ba saboda warin. Mma ta ce a ba shi.

Ni akawu ne a ɗakin ajiye katunan marasa lafiya na wani asibiti a Tafo. A unguwa Krachi ake ce mini, kamar yadda ake kiran mai aikin biro a nan. Mma ma haka take kirana, don ni ne ɗanta na fari, kuma ita ta tsohon zamani ce: ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa yaba mini a gaban idona ba. Kunyar ɗan fari ce, na sani. Sanin bai taɓa rage mini komai ba.

Washegari da sassafe na ji sallama a ƙofar ɗakin Mma. Tagata tana kallon wajen. Seini ne a durƙushe.

"Mma, na gode jiya."

"Da me fa?"

"Da ɗakin. Da kuma tsintsiyar da kika ara mini."

"Allah ya yi maka albarka, Seini," in ji ta.

A Kumasi kowa ya san godiyar jiya. In mutum ya yi maka alheri yau, gobe da safe ka taka ka je ka sake gode masa. Asantawa sun riƙe ta da ƙarfi, mu ma a Zongo mun riƙe ta, amma sai bayan suna ko aure ko rasuwa, ko wata kyauta mai nauyi. Na ɗauka ta ɗakin ce, shi ke nan. Amma jibi ya dawo, gata ma ya dawo. Yau don ta kwashe masa shanya da hadari ya taso, gobe don ta gaya masa inda ake samun gawayi mai kyau. Daga wajenta sai ya wuce: mai koko ta bakin masallaci da ta ɗebo masa daga ƙasan tukunya inda ya fi zafi, direban trotro, motar hayar nan, da ya jira shi ya tsallako titi, wata Ba'asantiya a kasuwa da ta matsar da tirenta ya samu inuwa. Ba ya kama aiki sai ya gama zagayen nan.

Wata Lahadi na same shi yana wanki a bakin famfo, na ce, "Kai ba ka gajiya? Wata rana za ka gode wa akuya don ta ba ka hanya."

"Na taɓa, Krachi. Ba ta amsa ba."

Ya matse rigarsa, sannan ya ba ni labari da Hausarsa ta Zabarmawa, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji; a nan na gyara masa ita. Da can shi ma mai kaya ne. A 2011 ya ɗauko tirela guda ta albasa daga Nijar, aka tsare motar a kan iyaka kwana goma sha ɗaya, ruwa yana dukan ta. Da ta iso Kumasi, ruwan albasa ne yake zuba ta ƙasanta, tun daga nesa mutane suke toshe hanci. Bai tsira da ko buhu ashirin ba. Shekarar ba ta ƙare ba matarsa ta kwanta, ba ta tashi ba.

"Sai wani dutse ya zauna mini a nan," ya dafa ƙirjinsa. "In na yi sallar asuba ba na son fita masallaci. Ina zaune ina lissafa abin da zai same ni gobe. Akwai wata tsohuwa mai koko, kullum sai ta aiko mini da kofi ɗaya, ba ta tambaya. Wata uku ina sha. Ran nan na tuna ban taɓa ce mata komai ba. Na tashi na je. Da nake dawowa na ji dutsen ya ɗan gyara zama. Washegari na nemi wani na je wajensa."

"Shi ke nan maganin?"

"Bai tafi ba, yana nan. Amma tun daga ranar, in na fita, idona yana neman wanda zan gode wa gobe. Mai neman wannan ba ya samun sukunin neman wancan. Kuma in ka gode wa bawa, ai Mai bawan yana ji."

Na ce masa Allah ya kyauta. A raina na ce fadanci ne irin na wanda ba shi da abin bayarwa sai baki.

Gaskiyar ita ce haushinsa nake ji. Ina da aiki, ina da mata da 'ya'ya uku, ina cikin gidan uwata, amma kullum da ƙwayar hawan jini nake karyawa, kuma kaina ba ya rabuwa da saƙe-saƙe. Shi kuwa tabarma da buta da akwati ɗaya, amma ranar Lahadi bayan azahar har tsakar gida ake jin munsharinsa. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne muryar Mma ta tagata kowace safiya: Allah ya yi maka albarka, Seini. Da sunansa, ba ɓoye-ɓoye. Wani wata na riƙa ɗiga alama a gefen kalanda. Cikin kwana talatin, sau ashirin da tara. Ranar da babu, zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

A Oktoban 2021 Mma ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta ya dawo bayan mako uku, hannu da ƙafa ba su dawo ba. Likita ya ce a rage gishiri, a kiyaye magani, ta samu hutu. Na ɗauki hutun wata guda. Na zana jadawali na manna a bango: ƙarfe nawa magani, ƙarfe nawa juyi, ƙarfe nawa abinci. Na sayi na'urar awon jini, ina auna ta safe da yamma ina rubutawa. Ni nake ɗaga ta, ni nake kai ta gashin ƙafa a asibiti ranar Alhamis. In na gama sai ta ce, "To," ko ta ce, "Za ka makara." Na fara tsoron abu ɗaya, kuma tsoron ya bi ni har wajen aiki: kada matar nan ta bar duniya ban taɓa jin ta sa mini albarka da kunnena ba, alhali ɗan haya yana kwasa kullum kamar ruwan famfo.

Da na koma aiki, matata Nusrat ce take fito da ita baranda da hantsi. Ban san abin da ake yi a bayana ba sai ranar Talata, takwas ga Fabrairu, 2022, da aka ɗauke wuta a ofis na dawo da wuri. Na tarar da Mma a kujera, da kwano a cinyarta cike da albasar da aka yar a kasuwa. Ta danne ɗaya da gwiwa tana ɓare ruɓaɓɓen bayan da hannun dama. Hawaye yana zuba har haɓarta. A bakin zaninta an ƙulle mabuɗi.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Na Seini ne. Ka matsa, ka tare mini haske."

Nusrat ta ce kusan wata biyu ke nan. Seini yana kawo albasar da yamma, Mma ta gyara da hantsi, a raba wa matan gida. Mabuɗin ɗakinsa kuma wajenta yake bari, wai shi mai mantuwa ne. Kafin ya fita ma sai ya tambaye ta ko za a yi ruwa, ta dubi sama ta gaya masa.

Na ɗauke kwanon, na kwance mabuɗin. Da ya dawo bayan la'asar na tare shi a bakin ƙofa, inda ba kowa.

"Seini, matar nan ba ta da lafiya. Likita ya ce hutu. Ba 'yar aikinka ba ce."

"Haka ne, Krachi."

"Shekara biyar kana gidan nan ba ka taɓa ɓatar da mabuɗi ba. Yau ka zama mai mantuwa?"

Ya karɓi mabuɗin ya juya shi a tafin hannu.

"Kada in sake ganin albasa a wajenta. In gaisuwa ce, ka gaishe ta daga ƙofa."

"To. Uwarka ce."

Washegari ina ɗaura agogo na ji sallama a ƙofata. Shi ne.

"Krachi, na gode jiya."

"Da me?"

"Da ka gaya mini a keɓe. Wani da a tsakar gida zai yi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya kiyaye abin da na ce. Yana tsayawa a ƙofa ya ce, "Mma, ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi," ya wuce. Albarkar nan ta daina shigowa ta tagata, kuma ba zan ɓoye ba, kwana biyun farko na ji daɗi. Kwana goma sha shida aka yi haka. Awon jininta bai taɓa yin kyau kamar na kwanakin nan ba, yana nan a rubuce. Amma a layin abinci na fara rubuta "rabi", daga baya "cokali huɗu". Ta ce a daina fito da ita baranda. Ta juya fuska bango.

Ranar Alhamis da muka dawo daga gashi, Nusrat ta biyo ni ɗaki ta tura ƙofa.

"Baban Najiba, ka mayar da tsohuwar nan kati irin na ofishinku."

"Me na rage ta da shi?"

"Ba ka rage ta da komai ba, shi ne abin. Matar da ta yi shekara hamsin tana ciyar da gidan nan, yanzu duk wanda ya shigo sai sannu da jiki. Mutum ɗaya ne ya rage mai ce mata sannu da aiki, ka kore shi."

"Kuka na same ta tana yi."

"Albasa ce, Malam. Ni ma kullum ina yi, ba ka taɓa ƙwace mini wuƙa ba."

Na gane ta faɗi gaskiya tun kafin ta rufe baki. Amma ban je wajen Seini ba. Na ce in dai abin da yake yi ke nan, ni ma zan iya, kuma ni ne ɗan. Sai dai na rasa me zan roƙa a wajenta. Tun ina saurayi na daina neman komai a hannunta, ina ganin shi ne hutar da ita. Ranar Juma'a bayan masallaci na ɗauki sabon littafi na zauna a bakin gadonta.

"Mma, Najiba ta tambaye ni sunan kakan Baba, ban sani ba."

Ta juyo daga bango. Sannan ta ce, "Kai da biro a aljihu kullum, ba ka san wannan ba?"

Ta fara. Wanda ya fara zuwa da fataken goro ya zauna a Salaga, ɗansa da ya gangaro Kumasi, matan da ya aura, wadda Bagonjiya ce da wadda Bafulatana ce, wa aka binne a ina. In na rubuta ba daidai ba ta ce in karanto, ta gyara. Har aka kira la'asar ba ta gama ba. Ranar ta ci rabin tuwonta.

Da safe na tsaya a ƙofarta. Na yi shekara ashirin da uku ina magana da mutane ta taga a wajen aiki, amma kalma uku suka yi mini nauyi kamar buhu. Na durƙusa.

"Mma, na gode jiya."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Seini ne ya aiko ka?"

"A'a."

"To me ya same ka?"

Daga madafa na ji Nusrat tana tari irin na mai danne dariya.

"Ba komai. Sunayen ne. Da sun ɓace."

"Hm," in ji Mma. Sai ta ce, "Ina mabuɗinsa? Mutumin nan zai yar da shi a kasuwa."

Abin da na samu ke nan a godiyata ta farko: tambayar mabuɗin wani. Na tashi na nufi ɗakin bakin ƙofa, na same shi yana naɗe tabarma.

"Ka kai mata mabuɗin."

"Albasar fa?"

"Ƙaramin kwano ɗaya. A baranda, ba a ɗaki ba. Kuma ta wanke hannu kafin magani."

"Za ka rubuta a bango?"

"Zan rubuta."

Ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Na rubuta ɗin kuwa.

Daga ranar muka zama mu biyu a ƙofarta kowace safiya, shi a gaba, don daga masallaci kai tsaye yake zuwa. Sau ɗaya na yi sauri na riga shi, ta ce, "Ka bari gari ya waye mana." Shi yana samun albarkarsa da sunansa, ni ina samun "To" ko "Hm". Na ci gaba duk da haka. Na kawo mata rigunan Sallar yara ta zaɓi launi. Na tambaye ta yadda ake gane zuma ta gaskiya. Da azumi ya zo ita ta riƙa faɗa wa Nusrat gidajen da za a kai wa koko da ƙosai, ni ina kaiwa, da safe in dawo mata da gaisuwarsu in haɗa da tawa.

Abu ɗaya na lura da shi a kaina. Da, daga Tafo zuwa gida a trotro, tunanina ɗaya ne: ranar da za a kira ni a waya a ce in zo. Yanzu hanyar tana ƙarewa ina neman abin da zan tambaye ta, ko ina tuna abin da ta yi da zan ambata gobe. Awon jinina ya sauko kaɗan a watannin nan. Ban ce wannan ne dalili ba, an kuma canza mini ƙwaya a Afrilu. Na dai rubuta duka biyun. Ban gaya wa Seini ba, don ban so ya ji daɗi.

Ranar Laraba, takwas ga Yuni, na gode mata a kan wani maganin tari na citta da kanumfari da ta kwatanta wa Nusrat aka dafa mini. Ta ce, "To." Na ɗauki jakata, na juya, na kai bakin ƙofa. Sai na ji ta a bayana, ƙasa-ƙasa, kamar da bango take magana.

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mini."

Ban juya ba, don na san in na juya kunya za ta kama ta. Na ce amin ina kallon tsakar gida. Na fita, na wuce tashar trotro har da tazara kafin na lura na wuce.

Bayan kwana tara, ranar Juma'a, sha bakwai ga Yuni, ta rasu da hantsi a baranda. Ina wajen aiki. Seini yana kasuwa. Nusrat ce a kusa.

Bayan addu'ar bakwai aka fita bangajiya gida-gida, kamar yadda aka saba. Seini ya ajiye aikinsa kwana biyu ya bi ni. Na fito da jerin sunaye a takarda, amma shi ya san ƙofofin: wadda ta aiko da itace, wanda ya ara benci, masu haƙa kabari da ban ma sa su a jerin ba. A unguwar Sofoline, gidan wata ƙawar Mma, tsohuwar ta kama hannunsa tana kuka tana cewa, "Ka yi rashin uwa," sannan ta juyo ta yi mini tawa ta'aziyyar. Na ji zafin wannan. Har yau in na tuna cewa shi ya samu fiye da dubu, ni na samu ɗaya, wani abu yana motsa mini. Sai dai ɗayar nan, ba don shi ba da ban san hanyar da ake bi a same ta ba, kuma wannan ma wani lokaci haushi yake ba ni.

A hanyar dawowa na ce masa, "Ka san tun farko don me kake kai mata albasar."

"Ni dai albasa nake so a gyara mini, Krachi."

"Ƙarya kake."

"To. Gobe ka zo ka gode mini."

Na je. Ya bar ni a durƙushe ya ce sai ya gama shan koko.

Seini ya ƙara shekara ɗaya da wata biyar a gidanmu. Yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya daina bambanta albasa mai kyau da marar kyau sai ya matsa da yatsa, masu kaya suka daina kiransa. A Nuwamban 2023 'yarsa Faridatu, wadda take aure a Asokore Mampong, ta zo da mijinta suka ɗauke shi. An yi masa aiki a idon dama a Fabrairun 2024, yana gani da shi daidai gwargwado. Na hagu likita ya ce a bar shi. Ba ya aiki yanzu. Yana zaune a gidan surukinsa, yana zuwa masallacin layinsu da sanda, kuma lafiyarsa ƙalau in ban da gwiwa.